Direban Azahar

Shekara ashirin da huɗu Rosdi Mat Piah ya yi yana tuƙa motar tsere. In ka je gidansa a Brinchang, garinmu na kan tudu, za ka tarar kofuna sun cika kabad, har matarsa ta fara ajiye allura da zare a cikin wasu. Amma ka tsaya ka dubi hotunan da ke bango da kyau. A kowane hoto ga mota tana ƙetare layin ƙarshe, ga mutum a kan dakali yana kaɗa tutar nan mai baƙi da fari, ga sunan Rosdi a jikin ƙofar motar, na uku a jeri. Wanda ke riƙe da sitiyarin dai ba shi ba ne, ko a hoto ɗaya.

Haka dogon tsere yake. Mota ɗaya, direbobi uku, ana karɓa-karɓa tun safe har yamma. Mai zafin ƙafa shi ke farawa don ya kama gaba. Mai suna, ko mai motar, shi ke ƙarewa don shi za a ɗauka a hoto. A tsakaninsu akwai wasu awoyi da ba mai so, daga sha ɗaya zuwa uku, lokacin da kwalta ke laushi, 'yan kallo sun tsere ƙarƙashin rumfa suna shan ruwan kwakwa, cikin mota kuwa ya koma tanda. Waɗannan awoyin na Rosdi ne. Direban Azahar ake ce masa, daga filin tseren Sepang har na Buriram, kuma masu motoci sukan faɗi sunan da irin muryar da ake ambaton likitan da ya taɓa ceton ɗanka.

Ba a wata makaranta ya koyi tuƙi ba. Ubansa yana da tsohuwar a-kori-kura da yake sauko da kabeji da tumatir daga gonakinmu na kan tudu zuwa kasuwar Tapah. Wanda ya taɓa bin tsohuwar hanyar nan da kaya ya san halinta: kwana na bin kwana har ka daina ƙirgawa, dutse a hannun dama, rami a hagu. Birki kuwa yana da zuciya. Ka yi ta taka shi ya ɗauki zafi, sai a kwanar da ka fi bukatarsa ya sake ka. Da Rosdi ya kai sha bakwai aka ba shi sitiyari, uban ya koma gefe ya harɗe hannu. Ba ya cewa uffan a hanya. Sai an iso gindin dutse, gaban mai shayi, zai sauka ya zagaya ya ɗora tafin hannunsa a ƙarfen taya. In ya ji zafi, ya dawo ya manna wannan tafin a ƙeyar ɗansa.

"Ka ji? Wannan ba zafin birki ba ne, tsoronka ne. Kana ganin kwana tun daga can, me kake jira da ba za ka sauke giya ba? Sai ta zo ta gaishe ka?"

"Abah, mota ce ta tsaya a gabana," in ji Rosdi, don haka muke kiran uba.

"Ita ma ai tun daga can ka gan ta."

Shekara biyu ƙeyarsa tana shan wannan tafin. A ta uku uban ya daina sauka ma, sai dai ya wuce kai tsaye ya ce a haɗa masa shayi.

Yana da ashirin da bakwai Allah ya haɗa shi da Yeoh Boon Huat, mai shagunan taya a Ipoh, wanda kowa ke kira Tauke, wato maigida. Tauke mutum ne mai son gudu fiye da yadda gudu ke son sa. Ran nan ya sauko daga tudu da wata jar motarsa mai tsada, ya tarar da motar kabeji a gabansa, ya ce bari ya wuce ta. Bai wuce ta ba. Ba ta gudu a miƙe, amma duk kwanar da suka shiga sai ta fita ta bar shi, shi kuwa yana ta kokawa da birki har ƙaurinsa ya cika masa hanci. Suna isa Tapah ya diro yana kumfar baki.

"Kai, mai kabeji! Mutane kake so ka kashe? Fitilar birkinka ta mutu! Tun daga sama nake bin ka, ko ƙyaftawa ba ta yi!"

Rosdi ya leƙo ta taga. "Tauke, ɗan tsaya a baya ka gani."

Ya taka, jajayen fitilu biyu suka kama tar. Tauke ya daɗe tsaye yana kallonsu kamar an nuna masa sihiri. Da ya dawo wajen tagar, muryarsa ta sauka.

"Sau nawa ka taka daga sama zuwa nan?"

"Huɗu. Wani kare ne ya tsallaka a kwanar masallaci, da uku ne."

Tauke ya saya masa shayi da gurasar roti, kafin su tashi ya rubuta masa lambar wayarsa a jikin kwalin kabeji.

Kada ka ɗauka daga nan sai ɗaukaka. An fara sa shi a gajerun tsere na rabin awa, irin na motocin gida da aka cire wa kujeru aka ɗaure da ƙarafa, inda direbobi ke gogar juna ƙofa da ƙofa kamar raguna a turke ɗaya. Nan Rosdi bai yi abin a zo a gani ba. Na shida, na bakwai, wata rana na biyar in wani ya kife. Yakan iso tuta bayan hannun mai kaɗawa ya gaji, shi ya sa ma ba ya sa waɗannan a lissafi. Tauke yakan cire hularsa ya buga da ƙasa.

"Di! Ba kasuwa na aike ka ba! Babu tumatir a bayan motar nan da zai fashe, taka ta!"

Saura ƙiris a mayar da shi ga kabejinsa, sai aka rasa direba na uku a wani tseren awa shida, aka cusa shi a tsakiya don dai a cike gurbi. A ranar ne Perumal, babban makanikin Tauke, wani siririn tsoho mai farin gashin baki wanda ba ya yabon kowa ko da uwarsa ce ta haife shi, ya durƙusa da tocila ya leƙa ta cikin taya bayan Rosdi ya fito. Yana duba takalman birki, waɗannan 'yan fale-falen da ke matse faifan taya su tsayar da mota, suna cinyewa a hankali. Ya duba, ya goge tabarau, ya sake dubawa. Awa biyu aka yi ana gudu a kansu, amma kamar yanzu aka fito da su daga kwali. Sauran motoci duk sai da suka tsaya canji, ta Tauke ta wuce su suna kan jak.

"Wannan ba tuƙa mota yake ba," in ji Perumal, "lallashinta yake yi."

Daga nan ƙafarsa ta buɗe. Aka riƙa zuwa aron sa wajen Tauke kamar yadda ake aron babbar tukunya ranar biki. Ya je Thailand, ya je China, ya je Japan, kullum da kwalbar yajin matarsa a cikin jaka, kullum kuma a ba shi tsakar rana. Kowane tsere sai ya zubar da kilo uku na zufa. In ya cire takalmi, juye shi yake yi ruwa ya zuba. Sannan ga yadda yake miƙa mota. A wannan sana'a wanda ya fito shi ke ɗaure wa mai shiga bel, kuma duk abin bai wuce daƙiƙa goma ba. Wasu su ɗaure su buga maka hula su gudu neman ruwa. Rosdi kuwa sai ya sa bakinsa daidai kunnenka yana jan igiya yana magana: "Giya ta uku tana gardama, ka bi ta a hankali. An zubar da baƙin mai a kwana ta tara, gefen hagu. Je ka." Bai taɓa ƙara gishiri ba, bai taɓa ɓoye laifin da shi ya jawo ba. Direbobin da suka karɓi mota daga hannunsa sukan ce har ƙamshinta daban ne.

To amma mutum ne. Yana son tutar nan, so irin na yaro da sabon keke, kuma yana jin kunyar son. Kullum ƙarfe shida yana tsaye a jikin katangar da ta raba gareji da hanya, tawul a wuya, yana tafa wa wani. Mutum ɗaya ya taɓa gaya wa, matarsa Norsiah.

Norsiah tana da rumfar shinkafar kwakwa a bakin kasuwa, kuma a duk shekarun nan ba ta taɓa taka filin tsere ba. Tsoro take ji, ba ta ɓoye ba. Ranar tsere takan kife wayarta a kan tebur ta ɗebo duk tukwanen gidan, har waɗanda ba a dafa komai da su ba, ta yi ta dirza har yamma.

"Sau ɗaya kawai, Siah," ya ce mata wata rana suna ɓare albasa. "In ga yadda take daga ciki."

Ta ce masa, da sunan da mata ke kiran miji a wajenmu, "Ƙyalle ne fa, Abang. In kana so in ɗinka maka ɗaya, kullum ka dawo daga kasuwa in tsaya a ƙofa in kaɗa maka."

Ya yi dariya, ita ma ta yi. Amma ta ga yadda ya sunkuyar da kai a kan albasar, ba ta ƙara tsokanarsa da maganar ba.

Yana da hamsin da ɗaya likita ya ce idonsa na hagu ya fara rauni, ba zai sa hannu a takardar tserensa ta baɗi ba. Saura masa tsere ɗaya, na awa tara da ake yi a Sepang a ƙarshen shekara, daga tara na safe zuwa shida na yamma. Tauke ya shekara goma sha tara yana neman wannan kofi, sau uku yana zuwa na biyu. Ya kira Rosdi shagon kofi a Ipoh, ya ja takardar goge baki ya rubuta tsari. Direbobi uku ne: shi kansa Tauke, wanda tsufa ya sa awa ɗaya ta ishe shi, da Rosdi, da Danial Haziq, wani ɗan shekara ashirin da uku wanda in ya shiga mota kamar kuɗin mai ba na kowa ba ne. Dokar tseren ta ce babu direban da zai wuce awa huɗu a kan sitiyari, ko a haɗe ko a rarrabe. Danial tara zuwa sha ɗaya. Rosdi sha ɗaya zuwa ɗaya. Tauke ɗaya zuwa biyu. Danial biyu zuwa huɗu. Sai layi na ƙarshe, wanda Tauke ya ja wa layi biyu a ƙasa ya juyo masa da takardar: huɗu zuwa shida, Di.

Rosdi ya karanta, ya ɗaga kofinsa ya kai baki alhali babu komai a ciki.

"Kar ka yi min kuka a shagon mutane," in ji Tauke, yana share nasa idon da bayan hannu. "Tun tuni ya kamata, ni ne jaki."

Labari ya hau tudu kafin shi. Mutanen unguwa suka yi hayar bas, aka rubuta sunansa a wani dogon ƙyalle. Da yake mu mutanen sama ba ma shiri da zafin ƙasa, kuma tseren ya faɗo Asabar, ranar ciniki, aka tsayar cewa za a tashi bayan kasuwar safe, a isa wajen uku da rabi, daidai lokacin da nasu zai shiga. Norsiah ta ce za ta je. Har sabuwar riga ta ɗinka, shuɗiya.

Ranar tsere Danial ya yi abin da aka san shi da shi. Wata farar mota ta 'yan Johor ta manne masa tun zagayen farko, suka yi awa biyu suna cin kwalar juna, kowa na jinkirta taka birki har sai an ce ya mutu. Ƙarfe sha ɗaya ya shigo yana kan gaba da rabin zagaye, ya fito yana huci yana murna. Perumal ya leƙa ta cikin taya, aka miƙa motar. Rosdi bai bukaci a gaya masa ba, tun a kwanar farko ƙafarsa ta ji birkin ya yi nisa kafin ya kama. Ya danna maɓallin magana.

"Perumal, nawa ya rage?"

"Bai kai rabi ba."

"Saura awa bakwai fa."

"Na yi makaranta, Di, na iya lissafi."

Perumal ya shimfiɗa masa maganar a fili. Canza birki mai zafi minti takwas ne, zagaye uku ke nan, kuma wanda ya zubar da zagaye uku ya yi sallama da kofi. Rana ce ke cin birki. In motar ta kai ƙarfe uku da saura a jikinta, ga hadari can yana haɗuwa ta wajen teku, iska za ta yi sanyi, abin da ya rage zai iya kai su gida. Amma Tauke tsoro ke sa shi taka birki, Danial kuma zuciya, in suka yi awa biyun tsakar rana a kai babu abin da zai saura. Bai ce masa yi kaza ba. Lissafi kawai ya faɗa masa.

Awa biyu Rosdi yana juya wannan lissafi, kuma ta ko'ina ya ɓullo amsa ɗaya ce. Ya san a daidai wannan lokaci bas ɗin nan yana saukowa hanyar Tapah, ya san ma kwanar da suke. Ya ga Norsiah a kujerar gaba ta ƙanƙame jaka. Ya ji haushin kowa, Danial da Perumal da rana da ubansa da ke kabari. Ƙarfe ɗaya saura minti uku ya danna maɓalli.

"Ku zuba mai, ku sa taya. A ce wa Tauke ya ajiye hularsa, ba na fitowa."

Aka ji kokawa, Tauke ya fizge abin magana daga kan Perumal.

"Di, ka haukace? In ka zarce, ƙarfe uku awarka ta cika! Babu sauran huɗu zuwa shida!"

"Na sani, Tauke."

"Matarka tana hanya!"

"Ita ma na sani."

"A canza birkin banza! Mu zo na biyar, mu zo na goma, ina ruwana? Alkawari na yi maka!"

"Na gode. Amma motar nan ta ɗaya ce. Ba zan mayar da ita ta biyar don a ɗauke ni hoto ba, ba zan iya kallon hoton ba. Gani nan shigowa, a matsa min daga hanya."

Tauke ya tsaya a bakin gareji da hula a hannu yana zaginsa da harshe uku, har aka gama zuba mai motar ta fita.

Abin da ya faru daga ƙarfe ɗaya zuwa uku na ranar nan, waɗanda suka gani har yau in suna ba da labarin sai sun rage murya. Ɗaya da rabi ƙanƙarar da ke sanyaya rigarsa ta narke, ruwan da ke zagaya jikinsa ya koma na wanka. Ruwan shansa ya yi zafi kamar shayi. Amma a allon Perumal lambobin ba su motsa ba. Zagaye bayan zagaye, lokaci ɗaya, bambancin bai kai ƙiftawar ido ba, har wani yaron gareji ya bubbuga allon yana zaton ya maƙale.

A ƙarshen doguwar miƙar baya akwai wata kwana mai lanƙwasa kamar ƙugiya. Nan kowa ke zuwa a guje ya daka birki, faifan taya ya yi ja, mota ta yi kururuwa ta dungura hanci. Motar Rosdi, mai lamba talatin da takwas, takan zo tun daga nesa muryarta ta canza, giya tana sauka ɗaya bayan ɗaya, ta buɗe can gefe, ta kwanta cikin kwanar salin-alin kamar ana jan ta da igiya, ta fita ta riga waɗanda suka shigo da hayaniya. Farar motar Johor ta kamo shi, ta wuce shi a bakin kwanar, ya wuce ta a fita. Ta sake, ya sake. Sau goma sha ɗaya aka yi haka. Makanikan wasu motoci suka bar garejinsu suka zo suka jeru a katanga cikin ranar nan. Wani ɗan Japan mai furfura ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji, ya manta ya mayar. Biyu da rabi farar motar ta shiga gareji hayaƙi na tashi daga tayoyinta huɗu, aka ɗora ta kan jak. Talatin da takwas ta wuce abinta da irin muryar da ta zo da ita tun sha ɗaya.

Uku saura minti biyu ya shigo. Yatsunsa suka kasa kwance bel, sai da Perumal ya zuro hannu ya jawo shi waje kamar jiƙaƙƙen buhu. Aka zo ɗaukarsa ya ture su. Ya rarrafa ya koma bakin ƙofa inda Tauke ya riga ya zauna, ya kamo igiyoyin, ya ɗaure.

"Kar ka ji tsoronta, Tauke. Taka sau ɗaya, ka sake. Tana da saura. Je ka."

Sai da motar ta ɓace sannan ya zube ƙasa.

A ɗakin likitan fili Norsiah ta same shi, kwance, ana masa ƙarin ruwa, an jera masa jiƙaƙƙun tawul a ƙirji. A waje yayyafi ya fara. Perumal ne ya tarbe ta a ƙofa ya kawo ta, ya gaya mata komai a hanya. Ta tsaya a kansa da shuɗiyar rigarta, ta dubi leɓɓansa da suka tsage, ta dubi idanunsa da suka faɗa.

"Abang, ashe ka gama."

"Na gama, Siah."

"Shekara ashirin da huɗu ina tsoron zuwa. Yau na zo. Awa huɗu da rabi ina salati a cikin bas, wannan direban naku na banza yana ta daka birki har na yi amai sau biyu. Na zo, ka gama."

"Ki yi haƙuri."

"Ni za a ba haƙuri? Ni ce nake son ƙyallen?"

Ta zauna a bakin gadon ta juya masa baya, kafaɗunta suna motsi. Can ta juyo ta ɗauki tawul ɗaya ta matse, ta sake jiƙa shi, ta ɗora masa a goshi da ɗan ƙarfi fiye da yadda ya kamata.

Shida saura kwata ya ce a cire masa allurar. Ta riƙe shi a hammata suka fita zuwa katanga. Ruwa ya ɗauke, kwalta tana tururi. Tauke ya yi awarsa cikin yayyafi kamar mai ɗauke da ƙwai, ya miƙa wa Danial, Danial kuwa a karo na farko a rayuwarsa yana tuƙi kamar mai jin kunyar wani. Suna gaba da zagaye guda.

A rumfar 'yan kallo da ke fuskantar katangar mutanen Brinchang sun cika layi biyu, sun baza ƙyallensu. Ba wanda ya tuna ya gaya musu komai. Sun ga lamba talatin da takwas, sun ga hular kwano ta cikin gilashi, shi ke nan. Duk sanda motar ta wuce sai su miƙe gaba ɗaya, tsofaffi da masu goyo, suna kiran sunansa har rumfar tana amsawa.

Ƙarfe shida mutumin kan dakali ya ɗaga tuta. Motar ta fito daga kwanar ƙarshe, ta miƙe, ta wuce ƙarƙashinta. Garejin Tauke ya kaure. Perumal, wanda ba a taɓa gani ya rungumi kowa ba, ya rungume taya. Rosdi ya bi tutar da ido daga inda ya saba tsayawa, yadda take faɗuwa tana tashi. Ya yi zaton in sun ci zafin zai ragu. Bai ragu ba. Ya yi murna har cikin ƙashinsa, kuma abin ya yi masa ciwo har cikin ƙashinsa, hawaye suna bin tsagar leɓensa suna masa raɗaɗi.

A can tsallake mutanensa suna ta tsalle, "Rosdi! Rosdi!" Norsiah ta daɗe tana kallonsu, sannan ta matso da bakinta kunnensa.

"Ba zan gaya musu ba, Abang. Su koma gida da shi haka. Wa zai sani?"

Ya girgiza kai, idonsa har yanzu a kan dakalin, inda mutumin ya fara naɗe tutar a jikin sandarta.

"Ki gaya musu, Siah. Ki ce Danial ne ya kawo ta. Ki ce ni ƙarfe uku na ba da ita, tana ta ɗaya, lafiyarta ƙalau."